AZURFA DA HASKE: TARIHIN WANKIN HOTO BAƘI-DA-FARI DA ALLUNAN TALLANSA

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan tsohon ma'aikaci ko na ɗan kasuwa a garuruwan ƙasar nan wanda ba a ajiye wani hoto baƙi-da-fari a cikinsa ba, ko a rataye jikin bango, ko a ƙarƙashin tufafi cikin adaka. Wani na kaka ne ranar da ya fita makarantar Midil, wani na fasfo ne da aka ɗauka domin tafiya aikin Hajji, wani kuwa na ma'aikatan En'e ne sun jeru a ƙofar ofis. Masu irin waɗannan hotuna sukan san sunan wanda ke ciki, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi siffar mutum ta zauna a kan takarda har shekara 70 ba ta gushe ba, balle su san dalilin da ya sa talaka ya fara ganin ya kamata ya kashe kuɗinsa a kan hoto.

Wannan lacca za ta duba abubuwa uku. Na farko, yadda aka gano hanyar kama haske da azurfa, da yadda ake wanke fim. Na biyu, yadda kamfanoni suka yi amfani da talla suka mai da sana'ar ƙwararru abin kowa da kowa, har allunan tallan nan suka zama kayan tarihi da ake tarawa. Na uku, abin da wannan duka ya ɗora a wuyan ɗalibai da ma'aikatan gwamnati, waɗanda a hannunsu ragowar waɗannan kaya suke.

Asalin Al'amarin

Tun kafin a san hoto, masana sun san cewa in haske ya shiga ɗaki mai duhu ta wata 'yar ƙaramar kafa, yakan zana siffar abin da ke waje a jikin bango, amma a kife. Shaihin malamin nan Ibn al-Haitham, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin haka a farkon ƙarni na 11, kuma littafinsa Kitab al-Manazir ya zama tushe ga masu nazarin haske na Turai. Matsalar da ta rage ita ce yadda za a tsai da wannan siffa kada ta tafi da tafiyar rana.

A farkon ƙarni na 18 wani Bajamushe, Johann Heinrich Schulze, ya tabbatar da cewa haske ne, ba zafi ba, yake sa gishirin azurfa ya yi baƙi. Sai wajen 1826 ko 1827 Bafaranshen nan Nicéphore Niépce ya sami hoton da ya zauna, wanda ya ɗauka ta tagar gidansa, bayan ya bar farantin cikin haske na tsawon sa'o'i masu yawa. Abokin aikinsa Louis Daguerre ya ci gaba bayan rasuwarsa, kuma ran 19 ga Agusta 1839 aka bayyana wa duniya hanyarsa a birnin Paris. Sai dai hoton Daguerre guda ɗaya tak yake fita, a kan farantin jan ƙarfe mai ruwan azurfa, ba a iya kwafarsa.

Hanyar da ta ɗore ta fito ne daga Ingila. William Henry Fox Talbot, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1841, yakan fara samun hoto a juye, watau inda ke da haske ya fito baƙi, inda ke da duhu ya fito fari. Wannan shi Hausawa suka laƙaba wa suna dodon hoto. Daga dodo guda ana iya buga hoto ɗari ko dubu. Abokinsa John Herschel ne ya nuna masa sinadarin haifo, wanda tun 1819 ya gano yana narkar da gishirin azurfa, kuma da shi ake tsai da hoto har yau.

A 1851 Frederick Scott Archer ya kawo hanyar farantin gilas mai danshi. Hotonta yana fita tangaran, amma dole a shafa maganin, a ɗauka, a wanke, duk kafin farantin ya bushe, watau cikin 'yan mintoci. Saboda haka mai hoto na wancan zamani yakan yi tafiya da tanti da kwalabe da jarkar ruwa, kamar mai ƙaura. A 1871 wani likita, Richard Leach Maddox, ya ba da shawarar a cuɗa gishirin azurfa cikin jalatin, wani danƙo da ake samu in an dafa ƙashi da fatar shanu. Da wannan aka sami faranti busasshe, wanda za a yi a masana'anta, a ajiye watanni, a ɗauki hoto yau a wanke gobe. Daga nan ne ɗaukar hoto ya rabu da wankin hoto, kuma a tsakanin rabuwar nan tasu aka gina babbar kasuwa.

Yadda Ake Wanke Fim

Fim ba kome ba ne illa siririn falle mai garai-garai wanda aka shafe da jalatin, a cikinsa kuwa akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa bila adadin. In aka danna kyamara, hasken da ya shiga ba ya wuce na ƙiftawar ido. A kowace ƙwaya da ya taɓa yakan bar 'yan ƙwayoyin zarra na tsantsar azurfa, waɗanda ido ba ya gani. Wanda ya buɗe kyamara a wannan lokaci don ya leƙa, ba zai ga hoto ba, kuma ya ɓata fim ɗin ke nan har abada. Hoton yana nan a ɓoye, aikin mai wanki shi ne ya fito da shi.

Mataki na farko a cikin duhu ƙirin ake yinsa. Mai wanki zai lalubo fim ya naɗa shi a jikin wani faifai mai zagaye, ya sa cikin ɗan gwangwani wanda ruwa ke shiga amma haske ba ya shiga. Da ya rufe sai ya kunna fitila. Sa'an nan ya zuba maganin fitarwa. Wannan magani yana bin ƙwayoyin da haske ya taɓa ya mai da kowace ɗaya baƙar azurfa ɗungum, ya ƙyale waɗanda haske bai taɓa ba. Ƙa'idar da kamfanoni suka tsayar ita ce maganin ya kasance a digiri 20 na ma'aunin santigireti, a riƙa jujjuya gwangwanin kaɗan kowane minti, a kuma lura da agogo, domin in an gaza hoto ya fita dishi-dishi, in an zarce ya yi kauri ya ƙone. Daga cikin magungunan da suka yi suna akwai Rodinal, wanda Momme Andresen na kamfanin Agfa ya yi wa rajista a 1891, da D-76 na kamfanin Kodak, wanda ya fito a 1927. Duka biyun ana amfani da su har yanzu.

Mataki na biyu ruwan tsami ne mai rauni, ɗan'uwan binega, wanda ke tsai da aikin maganin farko nan take. Na uku shi ne haifo, wanda ke narkar da sauran gishirin da haske bai taɓa ba, ya bar baƙar azurfa kaɗai. Daga nan haske ba ya iya yi wa fim kome. Na huɗu, wanda masu gaggawa suka fi rainawa, shi ne ɗauraya da ruwa mai yawa. In haifo ya saura a jiki, bayan shekaru zai ci azurfar, hoto ya koma ruwan ɗorawa ya dushe. Yawancin tsofaffin hotunan da ake gani sun koɗe, tun ranar wanki aka cuce su.

Bayan dodo ya bushe sai bugu. A sa shi cikin na'urar faɗaɗawa, a haska siffarsa a kan takarda mai gishirin azurfa, a tsoma takardar cikin tire uku bi da bi. Takarda ba ta jin jan haske, shi ya sa ake ganin jar fitila a ɗakin duhu. A nan gwaninta ke bayyana, domin mai bugu yakan tare haske da hannunsa a wani sashe, ya ƙara a wani, har fuskar baƙin mutum da farar rigarsa su fito tare, ba wadda ta ɓace.

A ƙasashe masu zafi aikin ya fi wuya. Ruwan famfo a bazara yakan haura digiri 30, a irin wannan zafi kuwa jalatin yakan yi laushi ya kumbura, wani lokaci ya saɓule daga jikin fim. Don haka kamfanoni suka tsara magunguna na musamman domin ƙasashen zafi, masu hoto kuma suka riƙa neman ƙanƙara, ko su jira tsakar dare. In hunturu ya shigo sai ƙura ta zama abokiyar gaba, kowace ƙwaya da ta manne wa jiƙaƙƙen dodo sai ta fito farin ɗigo a fuskar mai hoto.

George Eastman da Kasuwar Talaka

George Eastman, wanda aka haifa a 1854, akawun banki ne a garin Rochester na Jihar New York a Amurka. Da rana yana aikin banki, da dare yana gwaje-gwaje a ɗakin girkin mahaifiyarsa. A 1880 ya fara sayar da busassun farantai. Ba a daɗe ba farantansa suka lalace a hannun masu saye saboda wani jalatin maras kyau da ya samu, ya kuwa sake musu wasu, abin da ya kusa karya shi amma ya saya masa amana. Sai a 1925 masanin kamfanin, Samuel Sheppard, ya gano cewa wani ɗan burbushin farar wuta da ke cikin jalatin ne ke ƙara wa fim jin haske, kuma yawansa ya danganta da irin ciyawar da shanun suka ci.

A 1888 Eastman ya fito da kyamarar da ya raɗa wa suna Kodak, kalmar da ba ta da ma'ana a kowane harshe. Kuɗinta dala 25, tana zuwa da fim na hoto 100 a ciki. In mutum ya gama ɗauka sai ya aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke, a buga, a sa sabon fim, a mayar masa. Taken tallan shi ne: kai dai danna maɓalli, sauran aiki namu ne. Watau duk wahalar ɗakin duhu da aka bayyana a sama an ɗauke wa mai saye ita.

A 1900 aka fito da Brownie, 'yar akwatin kwali, dala 1 kacal, fim ɗinta kuwa santi 15. A shekarar farko an sayar da fiye da 100,000. A 1930, da kamfanin ya cika shekara 50, ya raba kyamara kimanin 500,000 kyauta ga yaran da suka cika shekara 12 a wannan shekara. Wannan ba sadaka ba ce. Ribar kamfani ba a kyamara take ba, a fim da takarda da magani take, kuma kowane yaro da ya karɓi kyautar ya zama mai sayen fim. A 1976 kashi 90 cikin 100 na fim da ake sayarwa a Amurka na Kodak ne.

Allunan Talla

Tun da yake fim abu ne da ake saye a ƙaramin kanti ko wurin mai sayar da magani, dole kamfanoni su sa mai wucewa ya gane daga nesa cewa a nan ana sayar da kayansu, ana kuma karɓar wanki. Daga nan aka sami kayan talla iri-iri. Akwai allunan ƙarfe waɗanda aka shafe da ruwan gilas aka gasa a wuta, kamar yadda ake yi wa kwanon langa, don kada rana ko ruwan sama su ci launinsu. Akwai manyan kwalayen fim na ƙarya, ba kome a ciki, da ake jerawa a taga. Akwai siffofin mutane na kwali masu tsayin mutum, da agogon bango, da ma'aunin zafi, da alluna masu fitila a ciki. Kowane kamfani da alamarsa: Kodak da rawaya da ja, Agfa na Jamus da sunansa cikin zane mai kusurwa huɗu irin na daiman, Ilford na Ingila, wanda Alfred Harman ya kafa a 1879, da hoton jirgin ruwa mai tururi.

Mafi shahara cikinsu ita ce budurwar Kodak, wadda ta fara bayyana a 1893, shekarar babban baje-kolin Chicago. A 1910 mai zane John Hassall na Ingila ya sa mata riga mai ratsin shuɗi da fari, wadda ta zama shaidarta shekaru masu yawa. Sau da yawa tana bakin teku ko kan tudu, ita kaɗai, kyamara a hannu. Saƙon a fili yake: na'urar ba ta da nauyi, ba ta da wuya, kuma mata, waɗanda su ne masu adana tarihin iyali a gida, su ake nema su saya. Daga 1920 kamfanin ya riƙa kafa alluna a gefen hanyoyin Amurka masu sanar da matafiyi cewa akwai wurin da ya cancanci hoto a gaba. Daga 1950 zuwa 1990 kuma ya kafa wani makeken hoto mai fitila a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York, tsawonsa ƙafa 60, tsayinsa ƙafa 18, wanda aka sauya har sau 565.

Abin lura ga mai nazarin tarihi shi ne tallan nan bai tsaya ga sayar da fim ba, har ya koya wa mutane abin da ya kamata a ɗauka. A ƙarni na 19 Turawa da Amurkawa sukan ɗauki hoton mamacinsu kafin a binne shi, ba sa ganin aibin haka. A allunan Kodak kuwa ba ciwo, ba mutuwa, ba talauci, ba aikin wahala, sai biki da hutu da yara masu dariya. Nancy Martha West ta yi doguwar magana a kan wannan a littafinta na shekarar 2000. Saboda haka wanda ya buɗe kundin hotunan wani gida ya ga farin ciki zalla, kada ya ɗauka rayuwarsu ke nan. Abin da aka koya musu su ajiye ke nan.

Waɗannan alluna ba don su daɗe aka yi su ba. In sabon talla ya zo sai a yar da tsohon, na kwali kuwa rana da gara su gama da shi. Ƙarancin da suka yi shi ya ba su daraja a wurin masu tara kayan da. Mai tarawa na ƙwarai yakan duba salon rubutun sunan kamfani, da irin kwalin fim da aka zana, da sunan maɗaba'a ko masana'antar da ke ƙasan allo, ta haka ya ƙiyasta shekararsa, ya kuma bambance na asali da na jabu, domin da farashi ya tashi sai maƙera suka shiga yin sababbi suna sa musu tsatsar ƙarya. Manyan cibiyoyi ma sun shiga aikin. An mai da gidan Eastman gidan tarihi a 1949, bayan rasuwarsa a 1932. Kayan gidan tarihin Kodak na Harrow an miƙa su ga gidan tarihin hoto na Bradford a 1985, Jami'ar Duke ta Amurka kuma tana ajiye da tarin tsofaffin tallace-tallacen kamfanin.

Afirka ta Yamma

Sana'ar ta iso gaɓar Afirka ta Yamma tun cikin ƙarni na 19, kuma 'yan ƙasa sun kama ta da wuri. George Da Costa ya buɗe shagonsa a Ikko a 1895, Jonathan Adagogo Green ya yi aiki a Bonny har rasuwarsa a 1905, Solomon Alonge ya buɗe nasa a birnin Benin a 1942. A Bamako, Seydou Keïta ya fara da wata Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba a 1935, ya buɗe shago a 1948. J. D. Okhai Ojeikere ya sayi tasa Brownie a 1950, ya kama aiki a ɗakin duhu na Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan a 1954, daga 1968 kuma ya ɗauki hotunan kitso kusan 1,000. Akwai kuma waɗanda ba a rubuta sunansu ba, masu akwatin katako mai ƙafa uku da ke zama a bakin gidan waya da kotu, waɗanda ɗakin duhunsu yana cikin akwatin, su zura hannu su wanke, su ba mutum hoton fasfo yana tsaye.

Darasin Keïta ya isa misali. A 1991 an nuna wasu hotunansa a New York ba suna, an ce ba a san mai su ba. Da aka bi sawu aka same shi a Bamako, ashe ya adana dubban dodanninsa cikin akwatin ƙarfe. Don haka aka sake buga su, duniya ta san shi kafin rasuwarsa a 2001. Da ya zubar da su, kamar yadda da yawa suka yi, da shi da Bamakon zamaninsa sun tafi tare.

Faɗuwar Kasuwa

A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Kamfanin ya ga abin da zai kashe kasuwarsa ne, ya yi ta jan ƙafa, wasu suka riga shi. Kamfanin da ke da ma'aikata fiye da 145,000 a 1988 ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Janairu 2012, ya fito a 2013 a ƙanƙance. Ilford ya durƙushe a 2004, manajojinsa suka saye sashen baƙi-da-fari a 2005, kuma yana ci gaba da yin fim a Mobberley. Sashen hoto da ya ɓalle daga Agfa ya karye a 2005. Fim bai mutu ba, amma ya koma hannun 'yan ƙalilan masu sha'awa.

Kammalawa

Dodon hoto baƙi-da-fari da aka wanke da kyau, aka ajiye a wuri mai sanyi maras danshi, yana wuce shekara 100, domin azurfa ce, ba rini ba. Amma fallen da ke ɗauke da ita yana da lalura. Tsohon fim na naitiret, wanda Kodak ya daina yi a farkon shekarun 1950, yana kama wuta cikin sauƙi kuma ruwa ba ya kashe ta. Gobarar irinsa a wani asibitin Cleveland ta kashe mutum 123 a 1929. Na asitet da ya gaje shi ba ya ci da wuta haka, amma a zafi da danshi yakan ruɓe ya riƙa warin binega, ya ƙanƙance, ya kuma harbi na kusa da shi.

Ma'aikatun watsa labarai, da gidajen jaridu, da fadoji, da tsofaffin shagunan hoto sun tara irin waɗannan kaya shekara da shekaru. Ma'aikacin da aka ce ya share sito, ya ga kwalin dodanni ko tsohon allon talla ya sa a bola, ya ƙona shaidar da ba ta da kwafi. Abin da ya wajaba shi ne a ware mai wari daga mai lafiya, a sa kowanne cikin ambulan na takarda, a rubuta suna da wuri da shekara tun masu sanin fuskokin suna raye, sa'an nan a sanar da wuraren da aka kafa domin wannan aiki, kamar Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970. Ɗalibin tarihi kuma ya karanta hoto yadda yake karanta takarda: wa ya ɗauka, wa ya biya, me aka sa a ciki, me aka bari a waje. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sai in an bar wa na baya abin da za su gani.